Ƙulli Goma Sha Biyu na Inna

Ni dai abin da na ce kawai shi ne ina so in je in ga teku. Ban ce zan yi ƙaura ba, ban ce zan sayar da gonar gado ba. Kwana biyu rak a bakin ruwa, ni kaɗai, in dawo. Amma yadda gidanmu ya ɗauki zancen, sai ka rantse cewa na yi zan faɗa rijiyar Kusugu da ka.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Zango, kullum in hau babur daga Daura in je in dawo. Shekarata arba'in da ɗoriya, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin yini guda ba wanda ya kira ni ba. A gida mun kusa talatin, a aji yara sun fi haka, a majalisa surutu, a hanya gaisuwa. Ga ni da saurin fushi, wannan kam ba na musu. Wata rana na shiga ofishin hedimasta ina huci a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai idona ya faɗa kan kalandar da ke bango. Yashi ne fari, da ruwa har iya ganinka, da bishiyar kwakwa guda ɗaya a karkace. Ba mutum ko ɗaya a hoton. Wallahi rashin mutanen nan ne ya tafi da ni, ba ruwan ba.

Shekarun nan ne da shari'a take da ɗuminta, an rufe gidajen giya, kowa ya zama mai fatawa. Duk magidancin da aka ga ya saɓa jaka ranar Alhamis ya ce zai je hutawa, an san irin hutun da ake zargi. Da na faɗa a majalisa, wani abokina tela ya kashe ido ɗaya ya ce, “Malam, teku za ka gani ko ƙasan kwalba?” Aka fashe da dariya. Na miƙe na karkaɗe rigata, na ce masa wanda ya san hanyar wuri shi ke kwatanta ta. Na yi kwana uku ban zauna da su ba. Amma maganar ta shige ni, na ƙudurta cewa zan shirya tafiyar nan yadda ko liman ya biyo bayana ba zai ga abin gyarawa ba.

Na samo sabon littafin rubutu, na ja layi da rula kamar zan tsara darasi. Shafi ɗaya masauki, ɗaya salla, ɗaya tsare ido, ɗaya abinci.

Masauki wani direban motar shanu ne, mutumin Dutsi, ya warware mini shi. Ya ce akwai wani ɗan gari gaba da Ikko, ta hanyar Kwatano, inda wata hajiya Bayarabiya take da ɗakunan baƙi, ba a sayar da komai a gidan sai ruwan sanyi, masallaci kuma na bayan katangarta. Ya ƙara da cewa in ina so zai haɗa ni da sarkin Hausawan wurin. Na ce, “A'a, Alhaji, rufa mini asiri! In na sauka can, kafin in ajiye jaka an gano kakana, an ba ni sallahu zuwa gari bakwai.”

Salla da ido na kai wa limamin unguwarmu bayan la'asar. Tsoho ne mai son raha. Ya ga na buɗe littafi ina karanto tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ikon Allah, ko masu zuwa Hajji ba su zo mini da takarda ba.” Ya yi mini bayanin ƙasaru. Ya ce ruwan teku ana alwala da shi, abin da ke rayuwa a cikinsa kuma ba ya bukatar wuƙa. Ya ce kada in tafi da gabas ɗin Daura a kaina, in duba inda masallacin garin ya fuskanta. Da muka zo kan ido sai ya ce, “Wannan kam naka ne, ba fatawar da za ta riƙe maka shi. Ka bar wajen 'yan shaƙatawa, ka nemi gefen masunta ka zauna.” Na rubuta har da wannan.

Shafin abinci ne ya gagare ni, domin nan Inna ta shigo.

Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “kai” ko “wannan”. Tana da ƙane guda wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tun kafin a yaye ni ya bi fatake zuwa kurmi, daga nan ba wasiƙa, ba saƙo, ba gawa. Mutane sun yi ta kawo zato iri-iri, amma ita nata ɗaya ne, ba ya canzawa. Ta ce yaron nan tsantseni gare shi, ba ya cin yankan da bai gani ba, ko a gidan biki sai ya tambaya. Ta ce can kuwa ba wanda zai kula ko baƙo ya ci ko bai ci ba. “Yunwa ce ta kashe shi,” haka take faɗa, “yana zaune a bakin hanya, mutane na wucewa.” Fiye da shekara arba'in, duk ranar da aka yi tuwo ya yi saura, sai ta dubi kwanon ta ce, “Ga abinci har ya yi yawa.” Duk gidan mun san da wa take.

Da matata ta kai mata labarin tafiyata, ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da na san yadda zan yi da shi. Ta aiko aka kira ni, na durƙusa a bakin ƙofarta.

“Kai, an ce kurmi za ka.”

“Kwana biyu ne, Inna. Alhamis in tafi, Litinin ina gida.”

“Shi ma cewa ya yi kafin kaka ya dawo.”

Ta ce ba za ta hana ni ba, gemu ya fito, amma da sharaɗi. Ita za ta yi mini guzuri da hannunta, kuma daga fitata har dawowata ba abin da zai shiga bakina sai shi, sai ruwa. Na ce to burodi fa? Ta ce ta ji an ce da man alade suke kwaɓa shi. Na ce ayaba fa, Inna, ayaba da ɓawonta? Ta ce, “Daga ayaba ake farawa.” Raina ya soma tafasa, na ji maganar liman tana yi mini ƙaiƙayi a harshe, amma na ga ta riƙe carbinta tana jirana, sai na haɗiye ta. Na ce na yi alkawari. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Kwana uku gidanmu ya koma kamar ana shirin suna. Ta sa aka kama ɗan akuyarta aka yanka tana tsaye tana kallo. Ta hana kowa taɓa turmi. Ta yi dambun nama, irin nata mai citta da kanumfari wanda ake jin ƙamshinsa daga zaure, ta soya zabi biyu har suka bushe ƙayau, ta daka gumba da dakuwa, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da dabino. Sannan ta yayyaga wani tsohon zane wankakke, ta ƙulla kowane ci daban. Ƙulli goma sha biyu, daga abincin ranar Alhamis zuwa karin kumallon Litinin. Ta ce, “In ka kwance na ƙarshe, ya zama kana jin ƙamshin Daura.” Yaran gidan suna ta zagaya jakar kamar kuliyoyi, ta kafa musu ido.

Tafiya ta yi kyau, ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Na bi ta Kano na hau doguwar mota, na kwance ƙulli biyu a hanya, na uku da safiyar Juma'a muna shiga Ikko. Na sami gidan hajiya kamar yadda direba ya kwatanta, na yi wanka, na bi jama'a masallaci. Da gaske ne kuwa, da na tafi da gabas ɗinmu da na karkace. Ana sallamewa na ɗauki jakar guzuri da buta da darduma, na tambayi gefen masunta.

Tun kafin in gan shi na ji shi, wani irin gurnani mai zuwa yana komawa. Na hau wani tudun yashi, sai ga shi. La'ilaha illallahu! Ni da ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufin damina, wanda kake ganin inda ya ƙare. Wannan ba ya ƙarewa. Na tuɓe takalmi na nufe shi kamar yaro, ya taho da gudu ya daki ƙafafuna, ya janye yashin da nake tsaye a kai, na yi baya ina salati ina dariya ni kaɗai. Na ɗanɗana, na tofar, gishiri kamar an yi ɓarin buhu. Ba wanda ya ce Malam, ba wanda ya ce Baba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Na sami inuwar wata rumfar ganyen kwakwa, na shimfiɗa darduma, na zazzage jakar don in zaɓo ƙullin rana. Daidai nan wasu masunta suka gama gyaran kwalekwalensu suka zo suka zube a inuwar, ƙarti majiya ƙarfi, sun kai goma, jikinsu duk yashi. Muka gaisa da ka.

To, a nan ne tarbiyya ta kashe ni. A Daura ba ka buɗe abinci a gaban mutum ba ka ce masa bismilla ba, ko da ƙwayar gyaɗa ce. Shi kuma ya san amsarsa: alhamdu lillahi, a ci lafiya. Kai ka fita kunya, shi ya fita kunya, kowa ya riƙe abinsa. Ban ma yi tunani ba, hannuna ya tura zanen gaba, bakina ya ce, “Bismilla,” na ƙara da Turancina na aji cewa su matso mu ci.

Suka matso.

Jama'a, suka matso! Babbansu, wani mai furfura a ƙirji, ya wanke hannu da ruwan butata, ya ɗebi dambu ya kai baki. Ya rufe ido, ya yi wata ƙara, ya kira sauran da yarensu. Kafin in ce kwabo an kwance ƙulli na biyu. Cikina yana ihu yana cewa kai, ku tsaya, na Asabar ne wannan, amma ka san abin da bakina yake faɗa? “Ku ƙara mana. Ai ba ku ci komai ba.” Abin da aka koya mini ke nan in faɗa wa baƙo, kuma a garinmu shi ma jin sa kawai ake yi. Su kuwa suka ɗauke ni mai gaskiya. Zabin nan har ƙashi suka tauna. Gumba ce kawai ta ba su mamaki, suka jujjuya ta, sannan ita ma ta bi sahu. Suna ci suna dafa kafaɗata suna yaba mini, ni kuma ina murmushi kamar ango, zuciyata kamar ta yi bindiga. Ƙulli tara, aikin Inna na kwana uku, ya tashi a zama ɗaya. Abin da ya shiga bakina bai fi loma uku ba.

Da suka tafi na tattara tsummokaran na ninke, na zauna ina zagin kaina. Wa zan yi wa fushi? Ni na ce su ci. Ga shi lokacin waya ba ta shigo gidanmu ba, balle in nemi Inna ta warware mini alkawari. Na lissafa: yau Juma'a, sai Litinin. Na ce to, azumi ne ya zo ba shiri, ai ba a kaina aka fara ba.

Asabar da hantsi na koma rumfar da ruwa a buta. Teku na nan yadda na bar shi, amma mai jin yunwa ba ya ganin kyan ruwa. Ga masu soya doya, ga masu gasa ayaba, iska kuma duk ta kwaso ta kawo mini. Can azahar kaina ya fara sarawa. Sai na tuna kawuna, karo na farko a rayuwata da na tuna shi kamar mutum ba kamar labari ba. Na ce ashe haka ya zauna.

Akwai wata dattijuwa mai bandar kifi a bayan rumfar, da ɗan gicciye a wuyanta. Ashe tun jiya tana kallon komai. Ta zo ta tsaya a kaina, ta yi mini magana da Hausar kasuwa, irin wadda ta koya wajen masu sarin kifi.

“Malam, kai bai ci abinci ba. Jiya bai ci, yau bai ci.”

Na ce na ƙoshi. Ta ce ƙarya ne, mai ƙoshi ba ya kallon teku da irin wannan ido. Ta juya ta ƙwala wa masuntan kira, ta wanke su tas da yarensu, ban ji ko kalma ba amma na san faɗa in na gan shi. Mai furfurar nan ya dafe kai da hannu biyu. Ya zo yana ta ba ni haƙuri, ya ce su a wurinsu in mutum ya ce ka ci, ƙin ci ne rashin mutunci.

Dattijuwar ta ce za ta kawo mini abinci, na ce ba zan iya cin na tukunyar kowa ba. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta ce, “Na san irinku. Tashi.” Ta nuna mini bakin ruwa, inda aka fara jan taru, wato babbar ragar da suke zagaye kifi da ita tun safe, mutane sun yi layi a kan igiya. Ta ce a nan duk wanda ya kama igiya yana da rabo, ko baƙo ne. Kifin da na jawo da hannuna ba na tukunyar kowa ba ne.

Na tsaya ina kokawa da raina. Liman ya ce halal ne, wannan ba shakka. Amma ba liman na yi wa alkawari ba. Na ce a zuciyata, Inna, kin ɗaure ni ne don kada yunwa ta kashe ni a kurmi, ga shi ɗaurin ne zai kashe ni. Na naɗe hannun riga, na ɗaure wando a gwiwa, na kama igiya.

Wayyo, ashe aikin alli ba aiki ba ne! Suna waƙa suna ja da baya taki ɗaya, ni ina bin amshi ban san me nake cewa ba. Na faɗi zaune sau biyu, aka yi ta dariya, ni ma ina yi. Tafin hannuna ya yi ja wur. Da tarun ya fito, kifi na ta tsalle a yashi yana walƙiya, mai furfura ya ce in zaɓa. Na ɗauki biyu manya suna motsi. Dattijuwar ta hura sabuwar wuta gefe guda, ta kawo wayar gashi ta goge ta da yashi da ruwan teku a gabana har sau uku, ta miƙo mini wuƙa da gishiri da barkono, ta ja da baya ta harɗe hannu. Ni na gyara, ni na gasa. Na yi bismilla, a hankali wannan karon, yadda ba mai ji. Ban taɓa cin abu mai daɗin kifin nan ba, kuma ina ci ina jin nauyin alkawarin a wuyana.

Lahadi da safe na sake kama igiya. Rabona na ranar dattijuwar ta sa na banda shi da kaina, na ci a hanya, na rage uku na tsaraba. Da zan tafi, mai furfura ya ce in gaya wa wadda ta yi naman nan mai laushi kamar auduga cewa hannunta ya yi albarka.

Litinin bayan azahar na shiga gida. Matata ta tare ni a zaure, na ba ta labari a gurguje. Ta ce, “Ka rufa mana asiri ka yi shiru. Ka dawo lafiya, me ya rage?” Na so in bi shawararta. Amma da na durƙusa a ƙofar Inna, ta dube ni tun daga hula har ƙafa, ta ce, “Guzurin ya kai ka?” sai na kasa.

Na faɗa mata duka, tun daga bismillar har wayar gashi. Na ce na karya alkawari, ta yafe mini. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauko.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, “Matar nan, ta san ka?”

“Ba ta san ni ba, Inna.”

“Musulma ce?”

“A'a.”

“Kai ka ce mata kana jin yunwa?”

“Ban faɗa ba. Cewa ma na yi na ƙoshi. Ita ta lura.”

“Ita ta lura,” in ji Inna. Ta sake faɗa a hankali. “Kuma da ka ce ba ka cin na tukunyarsu, ba ta yi fushi ta tafi ba.”

“Sabuwar wuta ta hura mini.”

Sai na ga hawaye yana bin kumatunta, amma fuskarta a sake take, irin sakin da ban taɓa gani ba. Ta ajiye carbin a cinya. Ta ambaci sunan ƙanenta, wanda rabon da a ji shi a bakinta tun ina yaro, ta ce, “Ashe ya ci abinci.”

Ni ma na kasa riƙe nawa. Muka zauna haka, matata na tsaye a bakin ƙofa ta rasa ta shiga ko ta fita. Can Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta harare ni.

“Kai kuma sakarai, wa ya ce ka zazzage duka a gabansu? Suka ce dambun ya yi daɗi?”

Na ce har ƙashin zabi ba su bari ba, na isar mata da saƙon mai furfura. Ta yi dariya har da tari. Sannan ta nuna jakata da haɓa, ta ce mene ne yake ƙamshin hayaƙi a ciki. Na fito da kifin, ina ɗari-ɗari, don Inna ba ta taɓa sa abin kurmi a bakinta ba. Ta sa aka kawo mata ruwa ta wanke hannu, ta ɓare gefe guda, ta ci. Ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, a miƙo mata yaji.